Mantuwa Ba Iri Ɗaya Ba Ce: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Kama Abu Ta Ajiye

Wanda ya shiga ɗaki ya tsaya yana sosa ƙeya, ya rasa abin da ya kawo shi, matsalarsa daban. Tsohuwar da za ta tambayi jikanta sau biyar cikin awa guda ko ya ci abinci, amma ta zayyana maka ranar da aka kai ta ɗakin miji tiryan-tiryan har da sunayen 'yan rakiya, tata daban. Ɗalibin da ya kwana karatu, ya shiga jarrabawa kansa ya ɗauke, shi ma tasa daban. Duka mantuwa muke ce musu, amma ba wuri ɗaya abin ya samu cikas ba, domin ƙwaƙwalwa ba ta da ma'ajiya guda da take zuba komai. Hanyoyi ne da dama, kowace da mazauninta, da tsawon lokacin da take riƙe abu, da irin cutar da ke karya ta.

Abin da ya fito da wannan fili wata tiyata ce da aka yi a birnin Hartford na Amurka a 1953. Henry Molaison yana da shekara 27, farfaɗiya ta hana shi sakat, magunguna sun kasa. Likita William Scoville ya huda ƙoƙon kansa ya cire wani yanki daga can cikin ƙwaƙwalwa, saitin kunnuwa, dama da hagu, ciki har da kaso mai yawa na sashen da ake kira hifokamfus. Farfaɗiyar ta lafa. Sai dai tun daga ranar har mutuwarsa a 2008, sabon abu ba ya zama a kansa. Brenda Milner, masaniyar da ta riƙa zuwa daga Kanada tana gwada shi, kullum sai ta gabatar da kanta kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

Abin da ya rage masa shi ne abin lura. Basirarsa tana nan, harshensa yana nan, yana tuna ƙuruciyarsa. An ba shi lamba 584, ya riƙe ta minti 15 yana juya ta a zuci. Da aka ɗauke masa hankali zuwa wata magana, ba ma lambar ba, ko an taɓa ba shi wata lamba bai sani ba. Sannan Milner ta sa shi bin zanen tauraro da fensir alhali ba ya ganin hannunsa sai ta madubi, aikin da ke rikita kowa da farko domin komai a juye yake. Kwana uku ana yi, kurakuransa suna ta raguwa har ya goge, amma kowace safiya cewa yake bai taɓa yin aikin ba. Daga mutum ɗaya aka gane cewa riƙon ɗan lokaci, da ajiyar sabon lamari, da tsohon sani, da gwanintar hannu, kowane hanyarsa daban.

Riƙon ɗan lokaci

Matakin farko gajere ne ƙwarai. Abin da ido ya gani yakan bar saura na ƙasa da sakan ɗaya, na kunne kuma ya kai sakan uku zuwa huɗu. Shi ya sa za a yi maka magana hankalinka yana wani wuri, ka ce "na'am?", kafin a maimaita kuma maganar ta faɗo maka.

Abin da hankali ya tsinta daga nan shi ke shiga riƙon aiki, wanda ɓangaren goshi ke jagoranta. A wannan mataki ba a rubuta komai ba tukuna. Ƙwayoyin jijiya ne ke ci gaba da aika saƙo a tsakaninsu, da zarar sun tsaya abin ya tafi. Wurin kuma ƙunci gare shi. George Miller a 1956 ya ƙiyasta abu bakwai, Nelson Cowan a 2001 ya ce idan aka hana mutum dabarun haɗe-haɗe bai wuce dunƙule huɗu ba. Lambar waya a Najeriya alƙaluma 11 ce, ta fi ƙarfin wurin, don haka muke karya ta gida uku, farkon kuma da yake mun saba da shi dunƙule ɗaya ne. A 1959 Lloyd da Margaret Peterson sun ba mutane baƙaƙe uku kacal, suka sa su ƙirga lamba da baya uku-uku don kada su samu damar maimaitawa. Bayan sakan 18, abin da ake tunawa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba.

Mafi yawan abin da masu lafiya ke kuka da shi nan ya tsaya. Wanda ya ajiye makulli yana amsa waya bai manta inda ya sa shi ba, tun farko ne abin bai shiga ba. Maganin wannan ba ya kantin magani.

Inda ake rubutawa

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana haɗuwa da dubban 'yan'uwanta. Ba sa taɓa juna. Akwai ɗan tazara a mahaɗarsu wanda sai da madubin lantarki ake ganinsa, saƙo kuma da sinadari yake tsallakawa. Ajiya ba wani abu ba ce illa canjin ƙarfin waɗannan mahaɗai. Donald Hebb ya yi hasashen haka a 1949, Tim Bliss da Terje Lømo suka nuna shi a hifokamfus ɗin zomo a birnin Oslo, suka buga sakamakon a 1973: idan aka jera wa mahaɗa saƙo mai sauri na 'yan sakanni, sai ta koma amsawa da ƙarfi na tsawon awoyi.

Ga yadda abin yake tafiya. Ƙwaya mai aikawa tana sakin sinadarin gulutamet. A jikin mai karɓa akwai ƙofofi iri biyu. Ta farko, AMPA, da gulutamet ya taɓa ta take buɗewa. Ta biyu, NMDA, a toshe take da maganiziyam, kuma toshin ba ya fita sai an cika sharaɗi biyu lokaci guda: gulutamet ya iso, mai karɓar kuma ta riga ta ɗau caji. Wato ƙofar ba ta buɗewa sai ƙwayoyin biyu suna aiki tare. Da ta buɗe kalsiyam ya kwarara ciki, ya tayar da wasu sinadarai da ke ƙaro ƙofofin AMPA a wurin. Gobe saƙo ɗan kaɗan ya isa ya tada mai karɓar. Haɗa fuska da suna, ko ƙarar babur da zuwan maigida, asalinsa ke nan.

Sai dai wannan canji na farko awa ɗaya zuwa uku yake yi ya sassauta. Kafin ya dawwama sai saƙo ya kai cibiyar ƙwayar, an kunna wasu ƙwayoyin gado, an ƙera sabon furotin, mahaɗar ta yi kauri ko a tsiro da sababbi. Idan aka ba ɓera maganin da ke hana ƙera furotin, zai koyi abu lafiya lau, ya riƙe shi na ɗan lokaci, washegari babu. Eric Kandel, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya bi diddigin wannan a jikin wani dodon koɗin teku mai ƙwayoyin jijiya kusan 20,000 kacal. Horo ɗaya, tasirinsa mintoci ne. Horon da aka rarraba cikin kwanaki da hutu a tsakani yana kai makonni, yawan mahaɗan kuma ya kusa ninkawa. A lura da kalmar hutu, za mu sake cin karo da ita.

Wannan tazara tsakanin kamawa da dawwama ita ce dalilin da ya sa ɗan acaɓan da ya bugu a ka zai farfaɗo a asibiti yana tuna fitowarsa daga gida, amma mintocin da suka gabaci haɗarin sun shafe. Ba su kai ga kafuwa ba aka katse aikin, kuma galibi ba sa dawowa.

Hifokamfus da barci

Lamari guda ba wuri guda yake kwana ba. Ka je ɗaurin aure: fuskokin mutane a ɓawon ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya ake sarrafa su, muryar sanƙira a saitin kunne, ƙanshin turare a wani wurin. Hifokamfus kamar dillalin kasuwa yake, ba shi da kaya a hannu amma ya san rumfar da kowane kaya yake. Yana ɗaure guntayen da igiya ɗaya tare da wuri da lokaci, ta yadda bayan shekara guda ƙanshin turaren kaɗai zai iya janyo sauran.

Wuri kuwa ginshiƙi ne a aikinsa. John O'Keefe ya gano a 1971 cewa a hifokamfus ɗin ɓera akwai ƙwayoyin da ba sa motsi sai dabbar ta isa wani takamaiman gurbi. A 2000 Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace tituna kusan 25,000 ake ba su lasisi, ta samu ɓangaren baya na hifokamfus ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma girman yana tafiya da daɗewa a sana'ar.

Da dare ake ƙarasa aikin. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton sun ga ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓera ke yawo sun sake tashi tare yana barci. A cikin barci mai nauyi, wanda ya fi yawa a rabin farko na dare, hifokamfus yana maimaita wa ɓawon ƙwaƙwalwa abin da ya faru da rana, har guntayen su ƙulla alaƙa da juna kai tsaye. Wannan yakan ɗauki makonni har shekaru. Masana sun rabu a kan ko lamari mai cikakken hoto yana taɓa rabuwa da hifokamfus gaba ɗaya, amma an yarda cewa tsohon sani ya fi sabo jure lalacewarsa. Ɗalibin da ya kwana ido biyu ya yi asara biyu: ya hana na jiya kafuwa, ya kuma shiga gobe da hifokamfus a gajiye.

Nan ne amsar tsohuwar da muka fara da ita take. Cutar Alzheimer takan fara ɓarna ne daga mashigar hifokamfus, shi ya sa sabo ke fara zubewa, na da ya saura sai daga baya. 'Yan gida sukan ce ai lafiyarta lau tunda tana tuna abin shekara 60, alhali wannan shi ne salon cutar. Likitoci suna da gwaji mai sauƙi: a faɗa wa mutum kalmomi kaɗan, a shagaltar da shi na 'yan mintoci, a tambaye shi. Idan ya kasa, a ba shi haske, a ce ɗaya daga ciki 'ya'yan itace ne. Wanda hasken ya dawo masa da kalmar, ajiyar tana nan, ɗaukowa ce ta yi wuya, abin da ake yawan gani a tsufa na lafiya da ciwon damuwa. Wanda ko da haske bai kamo ba, ajiyar ce ba ta yiwu ba, shi ne ya fi buƙatar bincike. Kafin a yanke hukunci kuma ana duba abubuwan da ke warkewa: ƙarancin bitamin B12, raunin maƙoshin tayirod, rashin barci, har da kurumta, domin abin da kunne bai ji ba babu ta yadda za a tuna shi.

Endel Tulving a 1972 ya raba ajiya mai dawwama gida biyu: tuna lamarin da ya same ka, da sanin abu tsagwaronsa. Ka san Yamai ce babban birnin Nijar, amma ba ka tuna ranar da ka fara ji. Akwai cutar da ke cin gaban sashen da ke saitin kunne, ta rushe na biyun ta ƙyale na farko. Mai ita zai ba ka labarin inda ya je jiya, amma a nuna masa akuya ya ce dabba, bayan an kwana biyu ya koma cewa abu.

Abin da jiki ya sani

Tuƙa babur, ɗinki, murza tuwo, buga rubutu a waya ba tare da kallo ba, duk ba ta hifokamfus suke bi ba. Wasu curin jijiyoyi ne a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, masu aiki da sinadarin dofamin, tare da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya mai gyara kuskuren motsi. Koyonsu a hankali yake, sai da maimaici mai yawa, amma in ya zauna da wuya ya fita. Masu cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, wadda ke kashe ƙwayoyin dofamin, an gwada su an ga kishiyar Molaison: suna tuna zaman horon sarai, amma sabon sabo ya ƙi kama su.

Tsoro ma da tasa hanyar, ta wani ɗan curi mai suna amigdala da ke gaban hifokamfus. A 1911 likita Édouard Claparède na ƙasar Suwizalan ya ba da labarin wata majinyaciya da ba ta gane shi ko da minti kaɗan ya yi da fita. Wata rana ya ɓoye allura a tafin hannunsa, ya gaisa da ita ya soke ta. Da ya sake miƙo hannu daga baya sai ta ƙi, ba ta kuma san dalili ba. Ɗabi'ar likitan abar zargi ce, amma abin da ya nuna gaskiya ne, kuma shi ke bayyana yadda wanda ya tsira daga hari zai ji gabansa ya yanke ya faɗi don an buga ƙofa da ƙarfi, tun kafin tunani ya iso. Cewa da irin wannan mutum ya manta kawai ba ya amfani. Abin da ke aiki shi ne a koya wa ƙwaƙwalwa sabon darasi a kan tsohon, ta hanyar fuskantar abin kaɗan-kaɗan cikin aminci a hannun ƙwararre.

Abubuwan da ke karya hifokamfus

Ƙwayoyinsa suna cikin waɗanda suka fi saurin mutuwa idan iskar shaƙa ta yanke, mintoci kaɗan sun isa. Hayaƙin janareta a cikin gida ko garwashin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu suna fitar da iskar guba marar launi marar wari wadda ke hana jini ɗaukar iskar shaƙa. Wanda ya tsira yana iya warwarewa, sannan bayan kwanaki ko makonni ruɗewa da mantuwa su taso. Farfaɗiyar da ta daɗe ba ta tsaya ba ita ma tana yi wa wurin illa.

Giya mai yawa tana danne ƙofar NMDA, mutum ya yi ta magana da tafiya amma ba abin da ake rubutawa, gari ya waye daren ya ɓace. Magungunan sa barci irin su Diazepam da Rohypnol suna kai wa ga sakamako irin wannan ta wata hanyar, maganin Exol kuma yana tare sinadarin asetilkolin wanda hifokamfus ke dogaro da shi. Sai ƙarancin bitamin B1, da ake gani ga mashaya da masu cikin da amai ya galabaitar. Yakan fara da ruɗewa, tangaɗi da rikicewar motsin ido. In ba a yi gaggawar ba da bitamin ɗin ta allura ba, ya zarce mantuwa ta dindindin, mai ita ya riƙa cike giɓi da labaran da ba su faru ba, ba da niyyar ƙarya ba. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan asibiti kada su ɗaura wa irin wannan majinyaci ruwan sukari ba tare da B1 ba, domin sukarin yana cinye ɗan abin da ya rage.

Ɗaukowa

Tunawa ba buɗe hoto ba ce, sake haɗa guntaye ce, kuma a wajen haɗawa baƙo yana iya shigowa. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane bidiyon haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka tambaya da kalma mai nufin ragargajewa sun ƙiyasta mil 40.5 a awa, waɗanda aka ce musu motocin sun taɓa juna suka ce 31.8. A zagaye na biyu, bayan mako guda, mutum 16 cikin 50 da suka ji kalmar ragargajewa sun ce sun ga fasasshen gilashi, a kan 7 cikin 50 da aka ce musu bugu kawai. Babu gilashi a bidiyon. A 2000 kuma Karim Nader da abokan aikinsa suka nuna cewa tsoron da ya riga ya kafu a ɓera, idan aka tayar da shi sannan aka hana ƙera furotin a amigdala, yakan raunana. Wato abin da aka ɗauko sai an sake kafa shi. Mai ɗaukar bayanin shaida ya kamata ya yi da wuri, ya raba shaidu, ya bar mutum ya faɗa da bakinsa kafin ya jefa tambaya. Ƙarfin rantsuwar shaida ba ma'aunin daidaiton tunawarsa ba ne.

Wannan sake kafawa kuma ita ce ribar mai karatu. Hermann Ebbinghaus na Jamus, a 1885, ya haddace gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna abin da ya saura: bayan awa guda fiye da rabi ya zube, bayan kwana guda saura kusan sulusi, daga nan zubewar ta yi sanyi. Don haka bita ta farko a ranar take, ta biyu washegari, sannan a riƙa faɗaɗa tazara. Irin bitar ma da bambanci. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a 2006 sun sa wasu ɗalibai su yi ta maimaita karanta rubutu, wasu kuma su karanta a zama ɗaya sannan su rufe su yi ta ƙoƙarin kawowa da ka. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sun tuna kashi 40 cikin 100, masu kawowa da ka 61. Maimaita kallo yana sa mutum ya ji ya iya, shi ne yaudararsa.

Tsarin hadda na makarantar allo ya dace da wannan ta fuskoki da dama. Ana ɗaukar ɗan yanki daidai ƙarfin riƙo, a karanta da murya, kunne da harshe su shiga aikin. Ba a wanke allo sai an kawo karatun gaban malam. Ana zama da asuba, a sake da dare, barci ya shiga tsakani, tilawa kuma tana komawa baya ta taso da tsoho kafin ya dushe. Da yake jeri ne, ƙarshen kowace aya shi ke janyo farkon mai bi mata, shi ya sa mai karatun da ya sarƙe yake komawa aya ɗaya ko biyu baya ya taho da gudu. Masu hadda da mus'hafi kuma ana ba su shawarar kada su riƙa sauya bugu, domin gurbin aya a shafi ya zama abin kamawa.

Inda tsarin jeri ke da rauni shi ne ayoyi masu kama da juna. Farko ɗaya, ci gaba biyu, sai harshe ya bi wanda ya fi sabawa da shi, mai karatu ya tsinci kansa a wata sura. Ƙara maimaita kowace ita kaɗai ba ya raba su, domin mahaɗan da suka yi tarayya a kai ake ƙara wa ƙarfi. Sai an ajiye su gefe da gefe, an tsaya daidai kalmar da suka rabu, an ɗaura kowace da surarta da abin da ya gabace ta, sannan a sa wani ya riƙa jefo farkon ba bisa jeri ba, mai haddar yana faɗin wurare nawa ta zo da yadda kowace ta ƙare.